Yadda na juya lambobin taswira zuwa tsarin da na'urar GPS ke karɓa

Da aka ɗora mini aikin, na ɗauka na yini ɗaya ne. Tawagarmu za ta fita duba wasu tsofaffin rijiyoyi da duwatsun iyaka, ni kuma aka ce in zuba wuraren a cikin na'urorin GPS na hannu, yadda kowa zai danna sunan wuri kawai ya bi kibiya. Lambobin sun zo mini ta hanya huɗu: kwafin wata tsohuwar taswira ta takarda, rahoton wani mai safiyo, wani jeri da aka buga da keken rubutu tun shekarun baya, sai kuma saƙonnin da abokan aiki suka kwafo daga taswirar wayoyinsu. Kowace takarda tana da lambobi biyu ga kowane wuri, amma babu biyu da suka yi kama da juna a rubuce. Na rubuta abin da ya faru daki-daki ne domin duk wanda ya samu kansa gaban irin waɗannan takardu ya san ta ina zai fara, kada ya sha ruɗanin da na sha.

Abin da na fara yi shi ne kunna na'urar in ga abin da take nema. Da na buɗe wurin shigar da sabon wuri, sai na ga ta tanadi gurbin harafi ɗaya, sannan digiri, sannan minti mai ɗigo da lambobi uku a bayansa. Babu gurbin sakan ko kaɗan. Taswirar takarda kuwa da digiri da minti da sakan take magana, saƙonnin waya kuma digiri ne zalla mai ɗigo da dogon jerin lambobi. A nan na gane cewa hanya uku ake bi wajen rubuta latitud da longitud, kuma duka ukun abu ɗaya suke faɗa. Latitud shi ne nisan wuri arewa ko kudu da layin ikwaita, daga 0 zuwa 90. Longitud kuma nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Landan, daga 0 zuwa 180, layin da aka amince da shi a taron ƙasashe na Washinton a 1884. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, kamar dai lissafin agogo. A ƙasa kuwa, digiri ɗaya na latitud ya kai kimanin kilomita 111, minti ɗaya mita 1,852, sakan ɗaya kusan mita 31. Waɗannan lambobi uku na rubuta su a bayan littafina, kuma su suka riƙa nuna mini girman kowace ɓaraka daga baya.

Na zauna da kalkuleta na fara juyawa da hannu, don ina so in fahimci abin da nake yi kafin in miƙa wa kwamfuta. Ga misalin da na koya da shi. A ce taswira ta ba ka 9° 24' 36". Idan digiri mai ɗigo kake so, sai ka raba mintin da 60, ka raba sakan ɗin da 3,600, ka tara su da digirin: 24 a raba da 60 ya ba da 0.4, 36 a raba da 3,600 ya ba da 0.01, jimilla 9.41. Idan kuma tsarin na'urata kake so, digiri da minti mai ɗigo, to digirin yana nan yadda yake, sakan ɗin kawai za ka raba da 60 ka liƙa wa minti: 36 a raba da 60 ya ba da 0.6, wato 9° 24.600'. Komawa baya ma haka ne, sai dai ninkawa ake yi: 0.41 sau 60 ya ba da 24.6, sannan 0.6 sau 60 ya ba da 36. Lissafin ba shi da wuya. Haɗarin yana wurin gaggawa, domin ido yana ganin 24' 36" sai hannu ya so ya danna 24.360. Na'urar ba za ta yi gardama ba, za ta karɓa, amma wurin ya gusa da 0.24 na minti, wato fiye da mita 440. Mutum zai isa ya yi ta zagaye yana neman rijiyar da take can bayansa.

Jerin da aka buga da keken rubutu shi ya fi tayar mini da hankali. Keken ba shi da alamar digiri, don haka wanda ya buga ya rubuta lambobin kamar haka: 9.2436. Shin digiri mai ɗigo ne, ko kuwa digiri 9 da minti 24 da sakan 36 aka cusa wuri ɗaya? Tsakanin karatun biyu akwai tazarar fiye da kilomita 18. Na aika wa wanda ya ba ni takardar tambaya, ya ce zai bincika wurin waɗanda suka gada ta, na yi ta jira shiru, ga ranar fita tana ƙaratowa. Cikin jiran ne na bi jerin layi-layi, sai na lura da wani abu: lambobi biyun farko bayan ɗigo ba su taɓa wuce 59 ba, biyun ƙarshe ma haka, a dukkan layukan. Da digiri mai ɗigo ne na gaskiya, da tabbas an ga irin su 73 ko 88 a wani wuri, tunda jerin yana da tsawo. Wannan ya sa na karkata ga cewa minti da sakan ne a ɓoye. Amsar da ta zo daga baya ta tabbatar da haka. Amma ina jan hankalin mai karatu: wannan gwaji yana aiki ne idan wuraren suna da yawa kuma sun warwatsu. Wuri biyu ko uku ba su isa a yanke hukunci da su ba.

Ina tsakiyar wannan lissafi wani abokin aiki da ya daɗe yana riƙe irin na'urar ya leƙo ya ce, "Malam, me ya kai ka wahalar da kanka? Ai ita ma ta iya lissafin." Ya shiga saitunanta ya nuna mini wurin zaɓen tsarin lambobi. Akwai hddd.ddddd° na digiri mai ɗigo, akwai hddd°mm.mmm' wanda na tarar a kai, akwai hddd°mm'ss.s" mai sakan, ga UTM mai ƙirga mita, ga MGRS na taswirar soja, ga tsare-tsaren ƙasashe da dama. Dabarar ita ce ka mayar da na'urar kan tsarin takardar da ke hannunka, ka danna lambobin yadda suke, sannan ka mayar da ita kan tsarin da tawaga ta saba. Wuraren da ka riga ka adana ba sa motsawa, yadda ake nuna su ne kawai yake sauyawa. Na ji sauƙi ƙwarai a raina, ko da yake ban yi nadamar koyon lissafin ba, don da shi nake gane idan allo ya nuna abin da bai dace ba. Ya kuma nuna mini ƙananan abubuwa biyu. Gurbin longitud lamba uku yake ci, saboda haka digiri 8 sai an rubuta shi 008, in ba haka ba yana iya komawa 080. Sannan harafin farko dole a duba shi: N da E su ne arewa da gabas, S da W kudu da yamma. A tsarin digiri mai ɗigo na waya da kwamfuta, alamar ɗebewa ce take tsayawa a madadin kudu da yamma, kuma alama ce ƙarama da takan ɓace wurin kwafe saƙo.

Daga nan na koma kan rahoton mai safiyo. Babu digiri a cikinsa sam, sai lamba mai gurbi shida da wata mai shida ko bakwai, a ƙarƙashin E da N. Wannan shi ne UTM, kuma mita ne ake ƙirgawa a cikinsa. An yanka duniya shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6, ana fara ƙirga su daga longitud 180 zuwa gabas, tsarin kuma ya tsaya tsakanin digiri 80 kudu da 84 arewa. Layin tsakiyar kowace shiyya an ba shi lambar gabas 500,000 don kada a samu lamba mai alamar ɗebewa. Lambar arewa tana farawa daga 0 a ikwaita ga rabin duniya na arewa, a rabin kudu kuma an ba ikwaita 10,000,000 ana ragewa yayin da ake gangarawa. Matsalar rahoton nan ita ce ba a rubuta shiyya ba, kuma lambobi biyun nan suna maimaituwa a kowace shiyya, don haka su kaɗai ba sa nuna wuri. Abin da ya cece ni shi ne na san kusan longitud na yankin daga taswira. Ana tara 180 da longitud ɗin, a raba da 6, a yar da abin da ke bayan ɗigo, a ƙara ɗaya. Misali, wurin da ke digiri 20 gabas: 200 a raba da 6 ya ba da 33 da 'yan kai, a ƙara ɗaya, shiyya ta 34. Na kuma gwada lambar arewa ta hanyar raba ta da 111,000, amsar ta faɗo kusa da latitud ɗin da nake tsammani, hankalina ya kwanta.

Akwai tarko a wurin harafin da ke bin lambar shiyya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu manhajoji suna sa N ko S don nufin arewa ko kudu. Na'urorin hannu da yawa kuwa harafin layin latitud suke nema, daga C zuwa X, ban da I da O, kowane harafi digiri 8, sai X mai 12. A wannan tsari N yana nufin daga ikwaita zuwa digiri 8 arewa, P daga 8 zuwa 16, shi kuma S yana nufin tsakanin 32 da 40 a arewa. Wanda yake kudancin ikwaita ya danna S da nufin kudu, ya aika wurinsa wata nahiya. Haka kuma ba duk lambar mita ce UTM ba. Ƙasashe da yawa suna da nasu tsarin layukan da masu safiyo ke aiki da shi, kamar na Birtaniya. Lambar gabas ta UTM tana tsayawa ne tsakanin kimanin 166,000 da 834,000 ko a inda shiyya ta fi faɗi. Idan ka ga ta fita daga nan sosai, to ka nemi wanda ya yi awon ka tambaye shi kafin ka danna komai.

Saura tsohuwar taswira, wadda na zaci ta fi kowa sauƙi. Na auna wuraren da rula daga layukan gefenta, na shigar, na ɗora su a kan hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta. Sai ga abin mamaki: dukkansu sun kauce wa inda ya kamata su kasance, gefe ɗaya, tazara ɗaya, kusan tsawon filin ƙwallo. Mahaɗar hanya da take fili a hoto, alamata tana can gefe cikin gona. Na sake lissafin, babu kuskure a ciki. Da na duba kwafin da kyau sai na ga injin kwafi ya yanke bayanan da ake bugawa a ƙasan taswira. Dole na nufi ofishin da ke ajiye asalin taswirorin. Aka ce in kawo takardar gabatarwa daga wurin aiki da lambar shafin taswirar, na koma na kawo, aka ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya fita aikin awo. Na zauna a kan benci har rana ta yi nisa, raina duk a jagule, don a lokacin ban ma san takamaiman abin da nake nema ba.

Da dattijon ya dawo na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, taswira ce ta ƙi yarda da na'urata." Bai ko tambaye ni lissafin da na yi ba. Ya ce, "Ɗana, ka duba datum?" Ya zaro asalin shafin ya shimfiɗa, ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙasa. A nan aka rubuta sunan datum ɗin, da kuma Clarke 1880. Ya yi mini bayani a tsanake. Duniya ba ƙwallo ce sumul ba, ta ɗan baje a tsakiya, don haka masu awo sukan zaɓi wata siffa ta lissafi da ta yi kusa da ita, su kafa ta a wani wuri, daga nan su auna komai. Kafin zamanin taurarin ɗan'adam kowane yanki nasa ya kafa: NAD27 a Amurka ta Arewa mai tushe a Kansas, ED50 a Turai, na Tokiyo a Japan, na Minna da Adindan da Arc 1960 a sassan Afirka. Ita kuwa GPS da WGS 84 take aiki, wanda aka kafa cibiyarsa a tsakiyar duniya. Lamba ɗaya a datum biyu wuri biyu ne daban, tazarar tana iya zama gomman mitoci, wani wurin ɗaruruwa. Ya ce ko a Girinwic kanta, wanda ya tsaya a kan tsohon layin da aka shata a ƙasa zai ga na'urarsa ba ta nuna sifili ba, sai ya taka kimanin mita 102 gabas. Ya kuma gargaɗe ni cewa Clarke 1880 sunan siffar ne kawai, datum da yawa sun yi tarayya a kanta, don haka ganin wannan suna bai wadatar ba sai an ga sunan datum ɗin kansa.

Na kwafe duk abin da ke ƙasan shafin, na yi godiya, na dawo. A saitunan na'urar, kusa da tsarin lambobi, akwai wurin zaɓen datum, jerinsu ya haura ɗari. Na zaɓi na taswirar, na sake shigar da wuraren, sannan na mayar da ita kan WGS 84. Wannan karon alamomin suka hau kan mahaɗar hanyar. Tsarin aikin yana da muhimmanci: a saita datum tukuna, sannan a danna lamba. Wanda ya danna lambar tsohuwar taswira alhali na'urar tana kan WGS 84, sauya saiti daga baya ba zai gyara masa wurin ba, sai ya goge ya sake. Idan datum ɗinka ba ya cikin jeri, wasu na'urori suna da gurbin da mutum zai shigar da nasa da lambobi biyar, DX da DY da DZ da DA da DF, waɗanda ke bayyana bambancinsa da WGS 84. Ga Clarke 1880, DA, wato bambancin girman siffofin biyu, yana fitowa ne daga ɗebe mita 6,378,249.145 daga 6,378,137 na WGS 84, wato -112.145. Sauran ukun farko kuwa hukumar safiyo ta ƙasar da taswirar ta fito ita ya kamata ta bayar, ba abin da za a yi wa kintace ba ne.

Da yake na'urorin suna da yawa, ban yarda in danna wuraren a kowace da hannu ba. Na tattara su a jadawalin kwamfuta, duka a digiri mai ɗigo kan WGS 84, na adana a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, na buɗe da QGIS, manhajar taswira da ake samu kyauta. A nan ma sai da na yi taka-tsantsan. Mu a baki latitud muke fara faɗa, amma manhajar X da Y take tambaya, kuma X shi ne longitud. Fayilolin taswira irin su KML da GeoJSON su ma da longitud suke farawa. Wani jadawalin da aka aiko mini kuma da waƙafi aka raba lambobinsa maimakon ɗigo, kamar 9,41, yadda ake yi a Faransa da Jamus, sai da na musanya su kafin manhajar ta karanta su a matsayin lamba. Sai kuma bambancin da ke tsakanin gaya wa manhaja tsarin da lambobinka suke ciki da umartar ta ta juya su zuwa wani tsari. Na farko laƙabi ne kawai, na biyu ne yake sauya lambobin. Kowane tsari yana da lambar shaidarsa da ake kira EPSG: 4326 ita ce latitud da longitud na WGS 84, UTM na arewa yana farawa da 326 sai lambar shiyya, na kudu da 327. Daga ƙarshe na fitar da fayil ɗin GPX, wanda kusan kowace na'urar hannu take karɓa, kuma ƙa'idarsa ita ce digiri mai ɗigo a kan WGS 84. Na gajarta sunayen wuraren, domin wasu tsofaffin na'urori harafi shida kacal suke ɗauka, sunaye biyu masu mafari ɗaya sai su zama ɗaya.

Kafin in raba wa tawaga na'urorin, na ɗauki ɗaya na je wurin wani dutsen awo da dattijon ya ba ni lambobinsa tabbatattu. Na'urar ta daɗe a kashe, sai da na bar ta a fili tana kallon sama, domin cikakken bayanin taurarin ɗan'adam na GPS yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya gama saukowa, kuma tana bukatar aƙalla taurari huɗu kafin ta ba da wuri har da tsayi. Da ta daidaita na bi kibiya, ta tsayar da ni 'yan taku kaɗan daga dutsen. Wannan shi ne iyakar abin da ake tsammani daga na'urar hannu a sarari, 'yan mitoci. Kafin watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan, kuskuren yakan kai mita 100. Ban taɓa jin daɗin ganin guntun siminti kamar ranar ba.

Abin da ya fi amfanar da ni daga baya shi ne sanin cewa girman kaucewar yana faɗin dalilinta. Idan 'yan mitoci ne kuma kowane wuri da gefen da ya karkata, to sigina ce, a matsa daga inuwar itatuwa da dogayen gine-gine a ɗan jira. Idan duk wuraren sun gusa gefe ɗaya da tazara ɗaya ta gomman mitoci ko ɗaruruwa, datum ne. Idan tazarar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, daga ɗaruruwan mitoci zuwa gomman kilomitoci, an gauraya minti da sakan da lambobin bayan ɗigo. Ɗaruruwan kilomitoci gabas ko yamma suna nuna shiyyar UTM ce ba daidai ba, tunda faɗin shiyya a ikwaita ya kusa kilomita 670. Wuri ya faɗa wata nahiya ko tsakiyar teku, a duba alamar ɗebewa ko a ga ko an musanya latitud da longitud. Idan kuma alama ta bayyana a Tekun Gini daidai 0 da 0, to gurbin babu komai a cikinsa, manhaja ce ta cike da sifili.

Wajen yanke lambobi ma akwai abin lura. A digiri mai ɗigo, lamba biyar bayan ɗigo tana kai ka kusan mita ɗaya, huɗu mita 11, uku mita 111. Biyar ta ishi na'urar hannu, shida ba laifi, abin da ya wuce haka ado ne. Amma kada a yanke a tsakiyar lissafi, a bari sai an kai amsar ƙarshe. Yanzu duk jerin da ya fita daga hannuna, layinsa na farko yana ɗauke da tsarin rubutun, da datum, da shiyya idan UTM ne, da kuma wanne ne ya zo farko tsakanin latitud da longitud, kuma idan zan kwafi taswira sai na tabbatar rubutun ƙasanta ya fito. Tsayin wuri ne kawai ban zuba a na'urorin ba, domin tsayin da ke kan taswira daga matakin teku ake auna shi, na GPS kuma asalinsa daga siffar WGS 84 ne, kuma bambancinsu a wasu sassan duniya yana kai wa mita 100.